Lambun Kwana Biyar: Tarihin Lambunan Gasa a Baje Kolin Furanni na Chelsea



Ya 'yan'uwa masu karatu, da yawa daga cikin matasanmu idan aka ambaci Chelsea, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce take fara zuwa musu a rai. To amma a wannan unguwa ta birnin Landan, a gefen Kogin Thames, akwai wani taro da ake yi a watan Mayu, wanda aka haura shekara ɗari ana gudanar da shi, wato baje kolin furanni na Chelsea. Abin da ya fi jan hankalin jama'a a wurin shi ne lambunan gasa: cikakken lambu mai bishiyoyi da ruwa mai gudana da katanga da wurin zama, wanda ake ginawa cikin kimanin mako uku, a nuna shi kwana biyar, sa'annan a kwashe shi kamar ba a taɓa yi ba. Tambayar da ta daɗe tana bin wannan al'ada ita ce: ina lambun yake zuwa bayan an watse?

Mai shirya taron ita ce ƙungiyar masana shuke-shuke ta Birtaniya da ake kira RHS a taƙaice, wadda aka kafa a shekarar 1804. Ta fara babban baje kolin bazara a unguwar Kensington a 1862, daga 1888 kuma ta koma lambunan Temple da ke tsakiyar birni. A 1912 aka yi wani baje koli na ƙasa da ƙasa a harabar gidan kula da tsofaffin sojoji da ke Chelsea, wanda Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682. Da aka ga wurin ya dace, sai ƙungiyar ta mayar da taronta can a watan Mayun 1913, kuma a nan yake har yau.

Taron bai tsira daga abin da ya sami duniya ba. An fasa shi a 1917 da 1918 saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Yaƙi na Biyu sojoji suka karɓe filin suka kafa bindigogin harbo jiragen sama, ba a dawo ba sai 1947. A 1988 cunkoso ya sa aka ƙayyade yawan masu shiga, a 2005 aka ƙara kwanakin daga huɗu zuwa biyar. A 2020 annobar korona ta mayar da shi intanet, a 2021 kuma aka ɗaga shi zuwa Satumba.

A shekarun farko lambunan duwatsu ne suke tashe. Masu gandun rainon tsirrai sukan kwaso manyan duwatsu su jera su tamkar gefen tsauni, su dasa ƙananan furanni a tsakaninsu, domin tallata hajarsu ga masu manyan gidaje. Sannu a hankali aikin ya koma hannun ƙwararrun masu zana lambu, kamfanoni da jaridu suna ɗaukar nauyinsu, har kuɗin babban lambu guda ya kai dubban ɗaruruwan fam.

Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mai zane yakan miƙa tsarinsa ga kwamitin tantancewa wajen shekara guda kafin taron, tare da rubutaccen bayanin abin da yake nufi da lambun. Idan an amince, sai a raini tsirrai fiye da adadin da ake buƙata, domin ba kowanne ne zai yi kyau a ranar ba. Furen da ya yi gaggawa a kai shi wuri mai sanyi a jinkirta shi, wanda ya yi nawa kuma a sa shi a ɗaki mai ɗumi. Manyan bishiyoyi ana haƙo su da dunƙulen ƙasarsu, a naɗe saiwar da buhu, a ɗauko su a babbar mota, a sauke da injin ɗaga kaya.

A filin taron, fulotin babban lambu bai wuce kimanin mita 10 a faɗi da 22 a tsawo ba. Masu haƙa ne suke farawa, sai magina da kafintoci da masu aikin famfo, sa'annan masu dashe su shigo a kwanakin ƙarshe. Tsirrai da dama ba a ma fitar da su daga tukwanensu, binne tukwanen ake yi a rufe da ƙasa. Burin shi ne duk wanda ya gani ya zaci lambun ya shekara da shekaru a wurin. Alƙalan gasa kuma suna auna kowane lambu da bayanin da mai shi ya rubuta tun farko, su ba da lambar zinare, ko azurfa mai ruwan zinare, ko azurfa, ko tagulla. Lambuna da yawa suna iya samun zinare a shekara guda, amma ɗaya ne yake zama gwarzo.

Wannan fage ya sha ɗaukar darasi daga lambunan Musulmi. Tsarin raba lambu gida huɗu da magudanan ruwa, wanda Farisawa suke kira chahar bag, ya girmi Musulunci a ƙasar Farisa, amma a hannun Musulmi ya yaɗu daga Andalus har Indiya, kamar yadda ake gani a fadar Alhambra da kuma Taj Mahal. Masana da dama suna danganta shi da ƙoramu huɗu na Aljanna da aka ambata a Suratu Muhammad. A 2001 Yarima Charles, wanda ya zama Sarkin Ingila a 2022, ya kai Lambun Darduma, wanda aka ɗauko fasalinsa daga dardumar Turkiyya da ke gidansa, da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. A 2004 lambun da Christopher Bradley-Hole ya zana wa Shaikh Zayed na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa shi ne gwarzon shekara. A 2015 Kamelia Bin Zaal daga Dubai ta gina lambun da ta sa wa suna Kyawun Musulunci. A 2018 kuma Tom Massey ya kwaikwayi ƙananan lambunan da 'yan gudun hijirar Siriya suke shukawa a sansanin Domiz na arewacin Iraƙi, da lemun tsami da ɓaure da rumman, da tsirrai a cikin gwangwanaye.

Amma komai kyan lambu, ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma ana kaɗa ƙararrawa, a fara sayar da furanni, mutane su cika tituna rungume da tukwane. Cikin 'yan kwanaki sai an kwashe komai an mayar da filin ciyawa yadda aka same shi. Lambun Darduma ya yi sa'a, domin an sake gina shi a Highgrove, gidan yariman. Akasarin lambuna ba su sami haka ba: a sayar da abin da ya sayu, sauran kankare da katako su tafi juji. Masu suka sun daɗe suna kiran wannan almubazzaranci, kuma suna da hujja, domin aikin shekara guda ne da dukiya mai yawa suke ƙarewa cikin kwana biyar.

Sauyi ya zo a hankali. Lokacin da aka yi ritaya da katafariyar rumfar tamfol da aka fara kafawa a 1951, aka maye gurbinta a 2000, ba a jefar da ita ba, an yayyanka ta an ɗinka jakunkuna da riguna kimanin 7,000. Daga 2022 wata gidauniya mai suna Project Giving Back ta fara biya wa ƙungiyoyin agaji kuɗin lambu, bisa sharaɗin a mayar da shi inda zai amfani jama'a. Ita ma RHS ta shar'anta wa masu zane su bayyana makomar lambunsu kafin a karɓe su. Lambun da ya zama gwarzo a 2023, na Charlotte Harris da Hugo Bugg, tun asali an zana shi ne domin masu keken guragu, kuma bayan taron aka kai shi cibiyar jinyar masu raunin laka a birnin Sheffield.

Wannan sharaɗi ya canza yadda ake gini tun daga tushe. Wanda ya san za a kwance lambunsa a sake haɗawa a asibiti ko makaranta, dole ya rage kankare, ya zaɓi bishiyar da za ta jure dashe sau biyu, ya kuma yi tunanin wanda zai riƙa ban ruwa bayan shekara goma. Alƙalai suna yanke hukuncinsu a watan Mayu, amma ainihin jarrabawar lambu tana zuwa ne daga baya, ranar da majinyaci zai nemi inuwa ya same ta ko ya rasa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan ma'auni bai tsaya ga lambu kaɗai ba. Duk aikin da aka shirya domin a gani a yaba, ya kamata tun ranar farko a tambayi wa zai amfana da shi idan 'yan kallo sun koma gidajensu. Allah Ya sa mu dace.