Na'urar hangen ƙwayar zarra mai sarrafa kanta

Manomin masara a Dayi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi ta jihar Katsina, ya san tsadar buhun takin yuriya. Sai dai wani ɓangare na wannan tsada ya samo asali ne daga abin da ke faruwa a kan doron ƙarfe, inda ido ba ya iya gani.

Ana yin yuriya ne daga amoniya. Ita kuma amoniya ana samun ta ta hanyar haɗa iskar naitirojin da haidirojin a kan ƙarfe, cikin zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani. Aikin yana lashe kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya.

Bajamushe Gerhard Ertl, wanda ya fayyace matakan wannan haɗuwa, ya samu lambar yabo ta Nobel a 2007.

Yadda na'urar ke aiki

Don ganin irin wannan doro zarra bayan zarra, masana na amfani da na'urar da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙirƙiro a 1981 a cibiyar binciken IBM da ke Zurich.

Na'urar ba ta da gilashi. Wata allura ce mai tsananin tsini take bin doron abu ba tare da ta taɓa shi ba, yayin da ƴar wutar lantarki ke tsallakawa tsakaninsu. Daga sauye-sauyen wutar ne kwamfuta ke zana hoto.

Matsalar ita ce tsinin allurar kan dakushe ko ya ɗauki datti. Dole ƙwararre ya zauna sa'o'i yana gyara shi, yana kuma neman wurin da ya dace a duba.

Shigowar ƙirƙirarriyar basira

A 2018 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka koya wa kwamfuta gane allurar da ta lalace da kuma gyara ta.

A 2020 wasu masana daga Jami'ar Monash ta Ostireliya da abokan aikinsu na Jamus suka gabatar da manhajar DeepSPM. Ta tafiyar da na'urar sa'o'i 86 babu hannun mutum, tana zaɓar wuri, tana tantance hotuna masu kyau, tana gyara allura.

Me ya shafi manomi?

Wannan ci gaba ba zai sauko da farashin taki a kasuwar Funtua a daminar bana ba. Amfaninsa shi ne hanzarta bincike, domin na'urar da ba ta barci za ta duba abubuwa masu yawa, ciki har da waɗanda ake fatan su samar da amoniya da ƙarancin zafi.

Fassara abin da hotunan suka nuna kuwa har yanzu aikin masana ne.