Yadda Masu Tsaron Uwar Garke Suka Koma Ga Rubutaccen Umarni

A shekarar 1998, wadda a cikinta kamfanin IBM ya fitar da WebSphere, kamfanin BEA kuma ya sayi WebLogic, dukansu manhajojin gudanar da uwar garke, wata sana'a ta soma ƙarfi a bankuna da kamfanonin inshora na Amurka da Turai, wato tsaron uwar garken da ake ɗora wa manhajoji domin dubban jama'a su yi mu'amala da su a lokaci guda.

Manhaja takan zo ne a ƙunshe cikin fayil da ake kira EAR, bisa ƙa'idar J2EE ta 1999. Amma da zarar an ɗora ta, an ɗaura ta da rumbun bayanai, an tantance wanda ke da izinin shiga da wanda ba shi da shi, sai ta saɓa wa abin da marubutanta suka miƙo tun asali. Don haka kwafin da ke kan uwar garke shi ne nassi ingantacce, kamar littafin da malami ya yi wa muƙabala ya cika gefensa da gyare-gyare. Wanda zai fitar da shi da hannu kuwa, sai ya buɗe shafin gudanarwa, ya zaɓi manhaja, ya danna, ya jira, ya adana, sa'an nan ya koma kan ta gaba, alhali dare ya yi nisa, mantuwa kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce.

Sauƙi ya samu sosai a 2002, da WebSphere na biyar ya zo da wsadmin, wato kayan aikin gudanarwa da ake bai wa umarni a rubuce. Da farko da harshen Jacl ake rubuta masa umarni, wanda reshe ne na Tcl da John Ousterhout ya ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1988. Daga bisani aka ƙara Jython, wanda ya fi daɗin karatu, har ya rinjaya. Layuka kaɗan sun wadatar: AdminApp.list ya kawo sunayen manhajojin, AdminApp.export ya fitar da kowace zuwa fayil nata. WebLogic ma ya bi sahu da WLST, kafin Oracle ya saye BEA a 2008.

A ganina, babbar fa'idar ba saurin aiki ba ce. Ilmin da a dā yake ɓoye a ƙirjin mutum ɗaya, wanda in ya bar aiki ya tafi da shi, ya zama rubutacce, abokan aiki suna dubawa, suna gyarawa, magaji kuma ya karɓi amanar da hujja a hannunsa.