Matakalar Bene da Tarihin Itace a Gidajenmu

A ƙasar Hausa ta dā, ba kowa ke hawa bene ba. Gini ne na sarauta da attajirai, kuma matakalarsa da ƙasa ake gina ta, a ɗora a kan azara. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina tana nan tana shaida irin wannan aiki. Haka kuma masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), ya nuna iyakar abin da ƙasa da azara ke iya ɗauka.

Magina sun zaɓi giginya ne domin gara ba ta cinta da sauƙi. Amma ba su taɓa ɗaukar gini a matsayin aikin da ya ƙare ba. Da zarar damina ta ɗauke, sai a sake yaɓe, a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, mata kuma su sabunta daɓe. A Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, duk wanda ya haura shekara sittin ya ga wannan da idonsa.

Katakon da aka tsaga da inji daga baya ya yawaita. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, sai katako da kwano da ƙusa suka samu hanyar shigowa ƙasar Sakkwato. Kafinta ya zauna kusa da magini, ƙofa da taga da matakala suka zama aikinsa. Kuɗin da suka shigo a tsakiyar shekarun 1970 kuwa suka kawo zamanin siminti, al'adar gyaran shekara ta fara ja da baya.

'Yan'uwa mazauna birane, a nan ne maganar ta shafe ku. Da yawanku kan aiko da kuɗin gyaran gidan gado tare da umarnin a ɓamɓare komai. Tsohon katakon maɗaci da ya shekara hamsin yana bushewa ya fi ɗanyen da ake sayarwa yau ƙwari. Matakalar da tsakiyarta ta lotsa saboda sawun iyaye gyara take nema. Kafinta ya kankare tsohon fenti, ya goge da samfefa yana bin tsawon katakon, ya cike tsaga, ya ƙara ƙusa inda ya saki, ya sa maganin gara, sannan ya shafa mai sau biyu ko uku, yana barin kowane shafi ya bushe. Takin da ya ruɓe kaɗai za a canja.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin ku ba da izinin rushewa, ku nemi dattijon magini ko kafinta na garin nan ya duba. Giginyar da za ta ba da azara sai ta yi shekaru masu yawa tana girma, abin da aka ƙona a murhu kuwa ba ya dawowa.