Ruwan Wikki da Tarihin da Muka Bari a Daji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da hutun ƙarshen zango muka kwashi ɗalibanmu na ajin tarihi zuwa Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, muka sauka a sansanin Wikki, inda ɗakunan baƙi suke jere kamar ɗan ƙauye.

Daga sansanin ana gangara matakala zuwa marmaron. Ruwan yana ɓulɓulowa daga gindin wani dutse, garai-garai, har kana hangen farin yashin ƙasansa. Ɗuminsa yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, domin daga can ƙarƙashin ƙasa yake tasowa da zafinsa, kafin ya malala zuwa kogin Gaji.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Wannan shi ne tarihin da ke cikin takardun ofis.

To, amma akwai wanda ya girme shi. A Dukkey mun ga rijiyoyi fiye da 130 haƙe cikin dutse, waɗanda ake cewa zango ne na fataken bayi. Mun ga koguna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin tsauni, waɗanda yau ake kira da sunan P.J. Marshall, wanda ya ba da labarinsu a 1980. Akwai kuma kufan murahun da aka narka tama. Ashe kafin wurin ya zama na giwa da ɓauna, gidan maƙera da mafarauta ne.

A bakin kogunan wata ɗaliba ta tambaye mu, "Malam, me ya sa ba a sa sunan waɗanda suka sassaƙa su ba?" Duk muka yi shiru.

'Yan uwa marubuta, tambayar nan tamu ce. Dattawan Duguri da ƙauyukan kewaye, masu riƙe da labarin bakin kakanni, kullum raguwa suke yi. In Allah Ya kai mu Wikki, mu yi wanka, amma kada mu dawo sai mun zauna gabansu da alƙalami da takarda.