Yadda aka kafa dokar rage giwaye a gandun Kuruga, da yadda aka daina

A 1902, lokacin da aka naɗa James Stevenson-Hamilton ya kula da dajin Sabi a Afirka ta Kudu, giwa ta kusa zama labari a yankin. Mafarautan haure sun riga sun share ta. Sai daga baya 'yan tsiraru suka riƙa tsallakowa daga Mozambik, suka tarar babu mai harbi, suka zauna. A 1926 aka faɗaɗa dajin ya zama gandun Kuruga, giwayen kuwa suka yi ta hayayyafa.

Hukumomi ne da kansu suka sauya musu rayuwa. Sun kewaye dajin da waya, sun toshe hanyoyin da garke ke bi idan rani ya tsananta. Sun kuma haƙa ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse, ruwa ya wadatu ko'ina. Giwar da a da fari ke kora ta yi nisa, har daji ya samu ya huta, yanzu ta kafe wuri guda tana ɓare bawon kuka, tana karya danya.

Da aka ƙirga su daga sama a 1967, aka sami sama da 6,000. Jami'ai suka yanke cewa kada su wuce kimanin 7,000, wato giwa ɗaya a kowane mil murabba'i. Duk abin da ya haura haka, a kashe.

Aikin ba shi da daɗin ji. Jirgi mai saukar ungulu ne ke tattaro garke wuri ɗaya, sannan a hallaka iyali gaba ɗaya, tun daga uwar garke, wai don kada a bar masu jimami. Gawarwakin a kwashe su zuwa mayankar Skukuza da ke cikin gandun, a busar da wani naman, a zuba wani a gwangwani, a jeme fata. Zuwa 1994 an kashe fiye da 14,000. Wasu ƙananan dai akan ƙyale su, a sayar da su ko a kai su wasu gandaye, kuma a nan ne asiri ya tonu. Marayun da aka kai gandun Pilanesberg sun taso babu babba a kansu. Sha'awar barbara ta motsa wa matasan toraye tun lokaci bai yi ba, suka kashe karkanda sama da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye shida daga Kuruga, kisan ya tsaya. A ganina wannan hujja ta fi duk wata zanga-zangar ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi ƙarfi: giwa tana da tarbiyya, kuma harsashi ya yanke ta.

Matsin lambar waɗannan ƙungiyoyi, da shakkun da masana suka fara yi kan adadin nan na 7,000, su suka sa aka dakatar da kisan giwayen bayan 1994. Aka koma rufe rijiyoyi, aka cire wani sashe na wayar kan iyakar Mozambik, ƙananan gandaye kuma suka rungumi allurar hana haihuwa. A 2008 gwamnati ta sake halatta kisan, amma sai idan duk wata dabara ta ƙare. Giwayen Kuruga sun ninka fiye da sau biyu tun daga 1994, kuma manoman da ke maƙwabtaka da gandun, waɗanda su ne ke kwana da fargabar garke ya faɗa musu gona, su aka fi mantawa da su a duk wannan muhawara.