Lifidi da ɗinkin ƙyallaye a Muniyo da Damagaram

Ɗinkin ƙyallaye shi ne a tara guntayen yadi masu launi iri-iri, a yanka su, a harhaɗa da allura har su zama shimfiɗa guda. Idan aka sa wani yadin a ƙasa, aka cusa auduga a tsakani, sannan aka bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya, an sami abin rufa mai kauri. A Amurka da Ingila an fi sanin wannan aiki a hannun mata, suna yin sa don sha'awa idan sun sami sarari. A ƙasar Hausa da Barno tarihinsa ya bi wata hanya dabam. Maza ne suka yi suna da shi, a gindin fada, kuma doki suka fi ɗinka wa, domin yaƙi. Wannan shi ne lifidi.

Yankin Gure yana jihar Damagaram a Nijar. Garin Gure kansa yana gabas da Zinder da kimanin kilomita 160, a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa. Nan ce tsohuwar ƙasar Muniyo ta Mangawa, wadda ta daɗe tana bin Barno kafin ta koma hannun Damagaram. Duka daulolin nan biyu, Barno da Damagaram, da dawaki suka ci ƙasa.

Asali

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarkin Kano Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya danganta hakan da asarar mayaƙa da ya yi a yaƙinsa da Umbatu. Sulke na ƙarfe ne, daga nesa ake kawo shi, sai mai hali ke mallakarsa. Lifidi kuwa kusan duk abin da yake bukata yana nan gida: saƙar hannu, zare, allura, da bishiyar rimi. Shi ya sa ya bazu daga Gobir har Bagarmi. Baturen Ingila Dixon Denham, wanda ya isa Barno a 1823 zamanin Shehu Laminu, ya buga littafin tafiyarsa a 1826 ɗauke da zanen wani barden Bagarmi, shi da dokinsa duk a lulluɓe cikin lifidi.

Yadda ake ɗinka shi

Sirrin lifidi yana cikin audugar rimi. Da rani 'ya'yan rimi suke bushewa su tsage, audugar ta fito fara sol, iska na ɗibarta. Ba ta kaɗuwa a mazari, don gashinta santsi gare shi, sai dai ba ta da nauyi kuma ba ta saurin shan ruwa. Maɗinki yakan tsince ƙwayayen da ke ciki, ya shimfiɗa yadin ƙasa, ya jera audugar, ya ɗora yadin sama, sannan ya bi da ɗinki kusa da kusa, yana dannawa. In layukan suka yi nisa da juna, audugar za ta zame ta taru a ƙasa bayan 'yan sukuwa kaɗan, saman ya zama fanko. In aka matse ta da kyau, kibiya ta zo sai ta maƙale a ciki, dafinta bai kai ga fata ba. A ƙasar da 'yan baka ke shafa wa kibau dafi, ƙwarzane ɗaya ya isa ya kayar da ingarma.

Yadin saman shi ne wurin gwaninta. Ba a cika yin sa da launi ɗaya ba. Akan yanka ƙyallaye masu kusurwa uku ko huɗu, ja da fari da baƙi da ɗorawa, a jera su suna maimaita juna daga wuyan doki zuwa kuturinsa. Farin na masaƙan gida ne, baƙin daga marina, jan kuma sau da yawa mulufi ne da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus. Tsadar mulufi na cikin dalilan yanka shi ƙanana, don ɗan kaɗan ya ƙawata wuri mai faɗi. Masaƙan ƙasar ma dama siraran ƙwarya suke saƙawa a haɗa, kamar yadda ake yin gwado da luru, saboda haka haɗa gunduwa-gunduwa ba baƙon abu ba ne a hannun maɗinka. Dukawa ma haka suke yi da jar fata da koriya idan za su ɗinka tumtum.

Lifidin doki kashi-kashi ne: na ƙirji, na wuya, da babban wanda ke rufe baya ya sauko kusan gwiwa. Mahayin ya sa tasa rigar, ya ɗora kwalkwali. Aibinsa biyu ne, kuma sanannu. Da ɗan lifidi ya faɗi, da wuya ya tashi sai an ɗaga shi, shi ya sa ba ya rabuwa da zagage. Sannan audugar rimi ba ta ga-maciji da wuta. A fadoji da dama har sarauta aka yi wa shugaban waɗannan barade, ana ce masa Lifidi ko Sarkin Lifida.

Daga fagen fama zuwa hawan salla

Tun a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu suka nuna cewa baraden Gobir, duk da lifidansu, ana iya karya su. Duk da haka sarakunan da suka biyo baya ba su yar da shi ba. Wani matafiyi, Heinrich Barth, ya ya da zango a Gure a watan Disamba na 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder, ya gana da Muniyoma Koso, sarkin da ya mai da Gure hedikwatarsa. A Zinder, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera masa igwa a cikin birni, amma bai rushe rundunar dawaki ba. Abin da ya gama da lifidi shi ne bindigar Turawa. Sojan Faransa sun karya rundunar Sarki Amadu Kuren Daga a Tirmini a 1899, Ingilishi kuma suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Audugar da ta tare kibiya ba ta tare harsashi.

Tun daga lokacin lifidi ya zama kayan ado. Ana ganin 'yan lifida a hawan salla a Zinder da Katsina da Zariya da Kano, kuma a Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Lifidin hawa ya fi na yaƙi sheƙi, ya kuma fi shi sauƙin ɗauka, tunda ba kibiyar da yake jira.

Rigar maho

Akwai wani reshen tarihin da ba na fada ba. Sufaye sun daɗe suna sa riga mai maho a matsayin alamar gudun duniya, suna koyi da abin da aka ruwaito na tufar Sayyadina Umar. Mabiyan Mahadin Sudan, Muhammadu Ahmad, wanda ya bayyana da'awarsa a 1881, da irin wannan jibba aka san su. A zamanin halifansa Abdullahi sai mahon ya zama na ganganci, ana yanka shi tsaf da launuka a jera a kan sabuwar riga. Sojojin Rabe, da suka ci Kukawa a 1893, sun shigo Barno da irinta. A Senigal ma 'yan Bay Fal, mabiyan Shehu Ibra Fal wanda ya rasu a 1930, har yau da rigar ƙyallaye ake gane su.

A cikin gida

Keken ɗinki da atamfa ne suka sauya al'amarin a ƙarni na 20. Da teloli suka yawaita, masaƙu irin ta Kaduna da aka buɗe a 1957 suka soma fitar da yadi, sai ƙyalle ya zama abin da ake sharewa a ƙarƙashin keke. Ana gobe salla, shagon tela ɗaya kan tara buhu. Daga cikinsa ake samun zanen goyo, labule, rigar matashi, jakar allo, da mayafin yara na lokacin hunturu, sa'ad da sanyin asuba ke shiga ƙashi a yankin Gure. Yaran tela ma sau da yawa a kan ƙyalle suke koyon miƙe layi kafin maigida ya yarda su taɓa shaddar mutane.

Wannan aiki bai sami girman da ya kamace shi ba, don an daɗe ana kallonsa a matsayin shaidar babu. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, su ma don sanyi da talauci suka riƙa haɗa tsofaffin tufafi, sai ga shi a 2002 an baje aikinsu a gidan adana zane na Whitney da ke New York. Siddawan Indiya, jikokin mutanen Afirka, suna da nasu salon. Namu kuwa akan yi amfani da shi har ya zama tsumma, a cusa a katifa, ba wanda ya tambayi sunan wadda ta ɗinka.

A yau barguna masu araha daga Sin da kayan gwanjo sun rage bukatar mayafin ƙyallaye, soso kuma ya ture audugar rimi a katifa. Masu yin aikin yanzu, a birane musamman, da yawansu don sha'awa ko ado suke yi, suna zaɓen launi da gangan, suna tallar jaka da zanen gado a Facebook da WhatsApp. Ƙa'idojin hannu dai suna nan yadda suke. Ana wanke sabuwar atamfa kafin a yanka, don kada ta tsuke ko ta yi zuba a kan farar maƙwabciyarta. Ba a haɗa leshi da shadda a layi ɗaya, domin ɗaya na miƙewa ɗaya ba ya yi. Kowane ɗinki kuma sai an kwantar da shi da dutsen guga kafin a ɗora ƙyalle na gaba.