Tarihin Jadawalin Sinadarai

Jadawalin sinadarai tsari ne da aka jera sinadarai na asali 118 a cikinsa, ta yadda masu hali iri ɗaya suke faɗowa a ƙarƙashin juna. Tun zamanin da can, ɗan Adam ya san wasu daga cikinsu, irin su zinariya, azurfa, dalma, kuza, zaiba da farar wuta, amma sai a 1789 Antoine Lavoisier na Faransa ya fitar da jerin abubuwa 33 da ya ce ba sa rabuwa, ya ware ƙarafa daban. Har da haske da zafi ya lissafa a ciki, abin da daga baya aka gane ba haka ba ne.

A 1829 Bajamushe Johann Döbereiner ya lura cewa wasu sinadarai suna zuwa uku-uku, kamar litiyom da sodiyom da fotashiyom, kuma nauyin ƙwayar zarrar na tsakiya yana kusan rabin jimillar sauran biyun. Aikin ya cije saboda masana ba su daidaita a kan nauyin zarra ba, sai bayan taron Karlsruhe na 1860, inda bayanin Stanislao Cannizzaro na Italiya ya raba gardama. Daga nan John Newlands na Ingila ya nuna a 1865 cewa hali yana maimaituwa a kowane sinadari na takwas. Dariya aka yi masa, har wani ya tambaye shi ko ya gwada jera su bisa haruffan sunayensu.

Dmitri Mendeleev, haifaffen Tobolsk a Saibiriya, yana koyarwa a jami'ar Saint Petersburg, kuma littafin ɗalibai yake rubutawa lokacin da ya fitar da nasa jadawalin a 1869, da sinadarai 63. Lothar Meyer na Jamus ma ya kai ga tsari mai kama da shi. Abin da ya sa sunan Mendeleev ya danne na kowa shi ne ƙarfin halinsa: ya fi yarda da tsarin fiye da awon da aka ba shi. In sinadari ya ƙi zama gidansa, sai ya ce masu awo ne suka kuskure. Haka ya ninka nauyin yuraniyom, ƙarfen nan da ake haƙowa a Arlit, daga kusan 120 zuwa 240. Inda kuma babu abin da ya dace, sai ya bar gurbi, ya ce mai gidan yana nan tafe. A 1871 ya zayyana halayen uku daga cikin waɗannan baƙi da ba wanda ya taɓa gani.

Ba a daɗe ba na farko ya bayyana. A 1875 Lecoq de Boisbaudran ya gano galiyom, ƙarfen da ɗumin tafin hannu ke narkar da shi, ya ce nauyinsa ya ninka na ruwa sau 4.7. Mendeleev, wanda ko ƙyas bai taɓa riƙe ƙarfen ba, ya aika cewa a sake awo, ya kamata a samu wajen 5.9. Aka tace, aka sake, aka samu 5.9. Sikandiyom ya biyo baya a 1879, jamaniyom a 1886. Ba duk hasashensa ne ya tabbata ba, amma waɗannan ukun sun rufe bakin masu musu.

Da sauran rina a kaba. Teluriyom ya fi aidin nauyi, amma halinsa ya tilasta a sa shi gaba, kuma ba wanda ya san dalili. Henry Moseley ne ya warware wannan a 1913, da ya nuna cewa lambar zarra, wato yawan cajin da ke cibiyar ƙwayar, ita ce ma'aunin jeri na gaskiya. An kashe shi a fagen daga na Gallipoli a 1915 yana da shekara 27.

Ƙarafa su ne mafi rinjaye, sun mamaye hagu da tsakiya. Waɗanda ba ƙarfe ba sun taru a sama ta dama, sai 'yan tsakani irin su silikon a kan iyaka. Bayanin wannan rabo ya fito a 1916, daga Gilbert Lewis a Amurka da Walther Kossel a Jamus, waɗanda suka danganta haɗuwar sinadarai da ilektaron na bayan ƙwaya. Ƙarfe mai bayarwa ne, kishiyarsa mai karɓa: sodiyom ya miƙa wa kulorin ilektaron ɗaya, cajinsu ya saɓa, suka manne suka zama gishirin miya. Inda babu mai bayarwa, kamar haidurojin da oksijin a cikin ruwa, sai a yi tarayya. Ƙarafa kuwa karo-karo suke yi, ilektaron ɗinsu na yawo a tsakaninsu duka, shi ya sa waya ke ɗaukar lantarki, kuma maƙeri ke dukan ƙarfe ya baje bai farfashe ba.

A 1955 aka raɗa wa sinadari na 101 suna mendelebiyom. Layi na bakwai na jadawalin ya cika a 2016, da aka tabbatar da sunayen huɗu na ƙarshe, ciki har da oganeson, mai lamba 118.